Jiƙaƙƙen Tsumma a Hanyar Maradun

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma har yau tana faɗo mini a rai. Shekaru sun shuɗe, furfura ta fito mini, an sha ce mini in bar wa Allah. Na bar masa. Amma mantuwa kam ban yi ba, kuma ba na jin zan yi.

Ni mutumin Talata Mafara ne, sana'ata awaki da tumaki. Ina saye a ƙauyuka in kawo wa mahauta cikin gari. A lokacin ina da wata tsohuwar akori-kura mai kafireto, wadda ta girmi babban ɗana nesa ba kusa ba. Fentinta ya koɗe, ƙofar fasinja da igiya nake ɗaure ta, amma injinta garau yake, ba ta taɓa kwanar da ni a daji ba. Mai gyara mini ita ƙanin mahaifin matata ne, shi ne ma ya ba ni aurenta. Baba nake ce masa, kuma in na je garejinsa sai na durƙusa mun gaisa tsaf kafin in ambaci mota. Duk wanda ya san wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Mutum ba ya musu da surukinsa, ba ya tsayawa a kansa yana kallon hannunsa, balle ya ɗauki motarsa ya kai wa wani bakanike a gari ɗaya. Ranar da ka yi haka, kafin magariba maganar ta isa cikin gida.

Matsalar ta fara ne bayan na kai ta wani ɗan gyaran birki, ta yi kwanaki a wurinsa. Da safe, bugu ɗaya take tashi. Amma in ta yi tafiya ta ɗauki zafi na kashe ta, to shi ke nan. Zan murɗa makulli, kika, wato abin da ke tada inji, ya juya da ƙarfinsa, injin ya yi ta gurnani, amma ba za ta kama ba. Sai dai in nemi inuwa in zauna, in jira ta huce don kanta, sannan ta tashi kamar ba ita ba.

Na koma wa Baba na faɗa masa. Ko bakin motar bai buɗe ba ya ce, "Batir na. Ya gaji."

Ni ba bakanike ba ne, amma na san batirin da ya gaji ba ya juya inji haka. Na haɗiye maganar, na sayo batir. Ba ta daina ba. Ya ce fulogai ne, aka canza. Ya ce kafireto ne ya yi dauɗa, aka wanke. Daga nan famfon mai, daga nan kika ɗin kansa, wanda kowa na jin yana aikinsa. Kuma kullum hanyar ɗaya ce: in bar masa ita ta kwana, da safe in zo, ya shiga ya murɗa makulli, ta tashi fes. Sai ya leƙo ta taga ya ce, "To, ka gani? Lahiyatta lau. Kai dai hannunka na ba ta so." Masu zaman gareji su kwashe da dariya, ni ma in yi yaƙe. To wace mota ce ba ta tashi da sanyin safiya? Ai ciwon nata na rana ne, shi kuwa bai taɓa yarda ya gan ta da rana ba.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, da za mu ɗan zagaya da ita ta yi zahi, sannan a duba."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai za ka koya min aikina?"

Na ba shi haƙuri. Ni da motata, ni da wahalata, ni ne kuma mai ba da haƙuri. Da na yi ƙorafi a gida, matata ta ce don girman Allah in rufa mata asiri, na san halin Baba. Haka na koyi zama da ciwon. In na tsaya shan mai ba na kashewa, in zan loda dabbobi ba na kashewa, har abokan kasuwa suka riƙa tsokanata wai na fi tausayin motar a kan aljihuna.

Ina da yaya mace guda ɗaya. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarami, yayar nan tawa ce ta goya ni, da aka yi mata aure a wani ƙauye gaba da Maradun ta tafi da ni gidan mijinta. Ban taɓa kiranta Yaya ba, Inna nake ce mata, domin ban san wata uwa ba bayan ita. Ta daɗe tana fama da jiki, yau sauƙi gobe babu, har muka saba.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce, na je Bakura ɗauko wasu awaki. Ina cikin ɗaure su babban ɗanta ya kira ni. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, jikin Inna ya tashi. Tun da sahe kai ɗai take kira. In kana iyawa ka taho yanzu."

Na bar awakin a hannun mai su, na shiga mota. Allah ya taimake ni ranar na daɗe da kashe ta har ta huce, ta tashi. Na ratsa Mafara ban tsaya ko gida ba, na kama hanyar Maradun, ina tafe ina lallashinta a raina. Na wuce Maradun rana ba ta daɗe da karkatawa ba, na sauka kan hanyar ƙauyen. An yi ruwa jiya, hanyar duk taɓo da kududdufai. A wani kwari tayar gaba ta faɗa rami, ƙafata ta zame daga kuloci, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu.

Na murɗa makulli. Gurnani. Na sake. Gurnani. Gabas da yamma babu komai sai gero da dawa. Wasu manoma da ke maimai, wato noma na biyu, suka ajiye fartanyoyinsu suka zo, ko tambayata ba su yi ba suka kama turi. Muka fitar da ita daga ramin, muka tura, na saki kuloci, ta yi tari ta yi shiru. Muka koma muka sake, har bayin Allah nan suka jiƙe sharkaf da gumi. Na buɗe bakinta na yi duk abin da na taɓa gani ana yi. Na cire tiyon mai na zuƙa har fetur ya cika mini baki, mai na zuwa. Na ɗauki dutse na bubbuga kan batir. Na tsaya ina kallon injin kamar zai yi mini magana.

Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Alhaji, ko ka taka da ƙahwa? Muna tsare ma ita."

Na dubi hanyar. Da saura sosai, ga taɓo har idon sawu. Kuma na san halinta, in ta huce za ta tashi, shi ya sa duk lokacin da na ɗaga ƙafa zan tafi sai zuciyata ta ce ƙara gwadawa sau ɗaya. Babur ya wuce da mutane cunkus a kai. Wani ya zo shi kaɗai, na ɗaga masa hannu biyu, ya ƙara wuta. Ban ga laifinsa ba, a wannan yankin yanzu ba kowa ke tsaya wa baƙon fuska a daji ba. Wayata ta sake ƙara.

"Kawu, kana ina? Tana tambaya."

"Ga ni nan kusa, ce mata ga ni nan."

Sai na hau kan wani suri inda waya ke ɗan kamawa, na kira Baba. Ku ji wani abin takaici, a wannan halin ma sai da na tambaye shi gajiya, da iyali, da aiki, da ruwa, ya amsa mini ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce masa Inna na kan gargara, mota ta mutu mini a daji, ban san yadda zan yi ba. Muryata ta karye, abin da ban taɓa bari ya ji ba.

Sai ya ce, "Buɗe bakinta. Ka ga kwayil, wani baƙin abu mai kama da gwangwani, da waya mai kauri bisa kai? Jiƙa tsumma ka naɗe shi. In ya bushe ka ƙara jiƙawa. Yana hucewa tana tashi."

Bai tambaye ni ko mai na zuwa ba. Bai tambaye ni ko kika na juyawa ba. Na sauko da gudu, na ciro tsumman goge gilashi na tsoma a kududdufi, na naɗe abin. Zafinsa sai da ya ƙona mini yatsu. Na jiƙa, na sake jiƙawa, na shiga na yi bisimilla na murɗa. Bugu ɗaya ta tashi. Manoman suka yi kabbara, ni kuwa ko godiyar kirki ban tsaya yi musu ba.

Ina cikin gudu a taɓon nan abin ya faɗo mini. Ya sani. Duk watannin nan ya sani. Mutumin da ya sa ni canza batir da fulogai da famfo da kika, ya sa aka yi mini dariya a garejinsa, ashe ya san inda ciwon yake, har ya san maganinsa na wucin gadi, kuma ko wannan ɗin bai taɓa faɗa mini ba. Na doki sitiyari da hannu har sai da na ji zafi. Ina tuƙi ina zage-zage ni kaɗai, ina kuka, ina roƙon Allah ya sa in sami Inna da rai.

Tun daga nesa na hango maza a ƙofar gidan ana shimfiɗa tabarmi, na san an gama. Ɗanta ya tare ni ya riƙe hannuna ya ce, "Yanzun nan ta cika, Kawu. Ko ruwan wanka ba a ɗora ba." Na shiga na tarar an lulluɓe ta. Na buɗe fuskarta na taɓa goshinta, da sauran ɗumi. Ƙaramar 'yarta da ke zaune a gefe ta ce mini cikin kuka, "Duk ƙarar da taj ji, ko ta babur ta, sai ta buɗe ido ta ce, shi na?"

Ranar sadakar uku Baba ya zo ta'aziyya da babbar rigarsa. Bayan an shafa fatiha na roƙe shi mu koma gefe. Ranar ce farkon ranar da na dubi tsabar idonsa. Na ce ina so in san yadda aka yi ya gane kwayil ne daga waya.

Ya gyara hula ya ce, "Wani Alhaji na yaz zo da sauri za shi Sakkwato, nashi ya ƙone, kuma babu a shago. Sai nis sa mai naka, kai kuma nis sa ma wani da ni aje. Na ce in an kawo sabo in musanya, sai abin yas shige min. Kai ai na gida na."

Na ce, "Batir ɗin hwa, Baba? Da sauran kayan?"

"To, ai su ma sun tsuhwa." Sai ya ɗora hannu a kafaɗata. "Ka yi haƙuri, ajali na. Ko ka iso da wuri ba ka hana shi."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Yaushe na ce zan hana ajali? Ni Musulmi ne, na san kwananta ne ya ƙare, ban ce shi ya kashe ta ba, kuma ba zan taɓa cewa ba. Abin da nake so kawai ta buɗe ido ta ga fuskata, in riƙe hannunta, in ce ta yafe mini ɗawainiyar da ta yi da ni. Wannan ne ya ɗauka ya sa wa baƙo a mota don baƙon yana sauri. Da ya fito fili tun farko ya ce ya ari kayana, wallahi da ko tari ba zan yi ba, da kaina zan je in sayo wani. Amma girma ya hana shi cewa ya yi kuskure, sai ya zaɓi in yi ta wahala, tunda ya san bakina a ɗaure yake.

Na cire hannunsa daga kafaɗata a hankali. Ban zage shi ba, ban ɗaga murya ba. Na ce, "Baba, na gode da ta'aziyya." Muna komawa Mafara na kai motar wani gareji da rana tsaka, ta babban titi, inda kowa zai gani. Suka bar ta ta yi zafi, suka zare wayar fulogi suka ga babu wuta, suka canza kwayil, magana ta ƙare kafin la'asar. A cikin dangi kuwa ba ta ƙare ba. Aka ce na ci mutuncin surukina, matata ta yi kuka, manya suka kira ni. Na saurare su har suka gama, na ce na ji, amma ban mayar da motar ba. Har yau ina gaishe shi, ina zuwa masa biki da suna, sai dai ko keken ɗana ba zai sake taɓawa ba.

Abin da na koya shi ne, girmama babba daban, yin shiru a kan abin da idonka ke gani daban, kuma wanda ya san kunya za ta hana ka magana shi ya fi kowa samun damar cutar ka. Yanzu ko wane ne zai duba mini mota, sai na tsaya a kansa, sai an gwada ta a halin da take ciwon, sai na ga abin da aka cire da abin da aka sa. Ana cewa na cika tsauri, wai ba na ganin girman kowa a kan ƙarfe. Su yi ta faɗa. Ba su ne uwarsu ta mutu tana tambayar ko sun iso ba.