Lambobin Injin Yanka Citta

Shekara da shekaru ni ne mai zane a wani shagon ƙera injin yanka citta a Kafanchan. Ni nake ba kowane zane lamba, kuma da harafin garin da aka fara kai injin nake farawa. Wuƙar da muka yi wa mutanen Zonkwa ita ce Z-4. Sau uku na sake zana ta, duka ukun Z-4 ne, amma ni na san ta ƙarshe, don na lanƙwasa gefen takardarta. Duk wanda zai yanka ƙarfe sai ya zo teburina ya tambaya.

Sai 'yar oga ta gama karatun injiniya ta dawo. Kwana biyu tana juya takarduna tana murmushi, ni kuwa ban yarda da murmushin nan ba.

Ta ce mini, "Baba, mu ba kowane ƙarfe lamba a jere, daga ɗaya. In an gyara zane a ƙara masa harafi a baya. Kowa sai ya duba a littafi."

Wannan "kowa" ɗin ne ya tsaya mini a rai. In kowa zai duba, ni zaman me zan yi? Na ce a raina uban ne ya turo ta, ya ji nauyin sallamata da bakinsa. Mutumin da muke zama benci ɗaya a coci!

Na ce, "To in aka ce lamba ɗari biyu da bakwai, wuƙa ce ko notin ɗaure ƙarfe?"

"Littafi zai faɗa, Baba."

Na ja ƙafa iya ja. In ta nemi zane, in ce na manta inda na sa. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, sai ta jawo kujera ta zauna ta jira. Haƙurin ma dabara na ɗauke shi. A ƙarshe dai na nuna mata takardun ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta.

Ba a sallame ni ba, oga bai ko ta da zancen ba. Har yau ban san ko zargin banza na yi ba. Amma da damina yayata ta rasu, na tafi ƙauye jana'iza, na yi kwana tara. A da, rabin yini in na yi a waje sai waya ta ishe ni. Wannan karon kullum sai in hau dutsen bayan gida inda ake samun sabis, in tsaya da waya a hannu. Ba wanda ya kira daga shago.