Shekarar da Yaya Ta Shiga Gwajin Magani

Yayata ta girme ni sosai, ita ta goya ni lokacin da Inna ke fama da aikin fadama. Sana'arta sayar da albasa. Rumfarta tana kasuwar Yelwa, can wajen da jiragen ruwa ke sauke kaya, kullum tana zaune kan buhu, tana faɗa da 'yan dako tana dariya. Ni kuwa ina koyarwa a wata sakandare a Wara, sai ƙarshen mako nake leƙo gida.

Ciwon ciki ya fara mata kamar wasa. An sha jiƙo, an sha maganin basir, har ta rame zane ya daina zama mata a ƙugu. Da muka kai ta babban asibiti a birni aka ce ciwon dajin hanji ne. Aka yi mata aiki, aka yi ta saka mata maganin ƙarin ruwa, ta ɗan murmure. Bayan girbin shinkafa hoto ya nuna ciwon ya kai hanta.

A wannan zuwan ne wata likita mai sanyin magana ta zaunar da mu, ni da Yaya da mijinta. Ta ce sun binciki tsokar da aka yanke, sun ga wani sauyi a ƙwayoyin halittar ciwon, kuma shi ke sa shi saurin girma. Akwai magunguna biyu da aka yi domin irin wannan sauyi. In aka ba da ɗaya kaɗai, ciwon kan sami wata hanya ya ci gaba, shi ya sa ake gwada haɗa su. Ta ce ba su da tabbacin haɗin ya fi maganin da aka saba, gwajin ne zai nuna. Kuma ko Yaya ta yarda, ba likita ke zaɓar wanda zai sami sabon ba, na'ura ce ke raba mutane kamar ƙuri'a.

Mijin Yaya ya gyara zama ya ce, “To, mun yarda.”

Likita ta yi murmushi ta ce, “Malam, na gode, amma daga bakinta nake so in ji.”

Yaya ta dubi likita. Ni ina zaton za ta tambaya ko za ta warke. Sai ta ce, “Likita, wanga sauyi da kika ce, ɗiyana za su gaje shi?”

“A'a, Hajiya. Wannan a jikin ciwon kaɗai yake, ba a jininki ba. Ba ki ba kowa shi ba.”

Na ga kafaɗun Yaya sun sauka. Ta ce a bar ta ta je gida ta shawarci Inna.

Inna ba ta so ba. Muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, ta ce ita ba ta haifi ɗiya don a koyi aiki a jikinta ba. Na yi ta bayani irin na aji, ina kawo misalai, ko kallona ba ta yi ba. Yaya ce ta matsa kusa ta ce, “Inna, maganin da aka saba na sha, kin ga inda ya kai ni. Wanga ko sun ce in na gaji in ce na fasa, ba mai riƙe ni.” Inna ta ajiye faifan ta ce, “To, auta shi riƙa raka ki.” Auta ni ne, ko da yake a lokacin furfura ta fara fito mini.

Ƙuri'a ta faɗa mata a kan sabon haɗin: ƙwayoyi kullum a gida, ƙarin ruwa kuma a asibiti. Muka zama 'yan hanya. Mukan kama motar safe, ita a gaba saboda gargada, da ƙullin busasshen kifi da take kai wa ma'aikatan jinya ko sun ce ta bari. Awo kam ba a magana: jini, nauyi, hoto, da tambayoyi har kan abin da ta ci. Ba da jimawa ba ƙuraje suka feso mata a fuska da ƙirji, fatar yatsunta ta tsage. An riga an gaya mata hakan na iya faruwa, aka ba ta man shafawa, aka hana ta zama a rana. Takan duba madubi ta ce wai ita ce da ƙurajen balaga bayan ta yi jika.

A ɗakin ƙarin ruwan ta saba da wani dattijo manomi, mutumin ƙauyukan kan dutse, Kirista, wanda ƙuri'a ta ba shi tsohon maganin. Sukan yi hirar farashin taki. Ranar da hoto ya nuna ciwonta ya ragu, ta hana ni faɗa a gabansa.

Damina guda da rani guda ta samu. Ta koma rumfa da malafa a ka, ta aurar da 'yarta ta biyu, har ta shiga kwalekwale ta raka amarya ƙetare, abin da ba mu taɓa sa rai ba. Na tuna ta a bakin ruwa da yamma, ta tsoma ƙafa, tana yi wa matuƙin tsiya cewa injinsa ya fi ta tari.

Daga baya ciwon ya sake motsawa. Likita ba ta ɓoye mata ba, ta ce ya sake wani sauyin da magungunan ba sa kamawa, don haka za a tsayar da su. Yaya ta tambaya ko abin da suka auna a jikinta ya tashi a banza ke nan. Aka ce a'a, yana cikin abin da za a duba. Ta ce to madalla, a ba ta maganin zafi ta tafi gida.

A ɗakin Inna ta rasu, da hantsi, 'ya'yanta na kewaye da ita.

Bayan sadakar arba'in likitar ta kira ni ta yi gaisuwa. Ta ce ba a gama gwajin ba tukuna, in an gama za ta sanar da mu. Na gaya wa Inna. Ta tambaye ni ko sauran da ake gwajin da su suna nan da rai. Na ce wasu suna nan, amma ban san su duka ba.

“Allah shi ba su lafiya,” in ji ta. Ta miƙo hannu na tashe ta, don an fara kiran la'asar.