Haƙoran Lorna

A duk layinmu babu mai kula da haƙora kamar Lorna Pruitt, kuma na roba ne. Na asalin, shan ƙwaya ya cinye su. Ciwon baya ta kwaso a masana'antar takalma, likita ya rubuta mata maganin kashe zafi. Aka rufe masana'antar, maganin kuwa ya ƙi sakinta. Ta yi shekaru tana kwana jikin katangar tsohuwar tashar bas. Shagon wankina yana kallon katangar, shi ya sa da ta daina sha na ɗauke ta aikin ninke kaya.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. 'Yarta Shayna, da ke aure a Columbus, ba ta ɗaukar wayarta. Yarinyar ta sha ƙaryar uwarta ta ƙoshi, ta ce sai ta ga canji da idonta, kuma ta rantse ba za ta sake taka garin nan ba.

Ana nan sai ga masu shirya fim. Labarin wai na wani zamani ne can gaba: masu hali a kan tudu bayan shinge, talakawa a ƙasa ana raba musu ƙwaya don kada su ɗaga kai. Na tambayi wani mai jan wayoyin fitila me za su gina. Ya ce ba sai sun gina komai ba, layinmu ya yi daidai. Har da murmushinsa, wai shi yabo ya yi. Na ce to madalla, ashe mun riga duniya isa gobe.

Suna neman mutanen da za su cika wuri a fim ɗin. Lorna ta ba da sunanta, ta tura wa Shayna saƙo cewa za ta fito a fim, ta kalla ta ga yadda uwarta ta koma. Abin mamaki, yarinyar ta amsa: "Zan kalla, Mama."

Ranar ɗauka ta sa shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, ni na goge mata. Na raka ta ina tsokanarta, tauraruwa kada a manta da mu. Da isarmu aka karɓe rigar aka ba ta tsumma. Ta haɗiye, ta ce ba komai, ai fuskarta za a gani. Sai wata mai kwalliya, cikin ladabi wallahi, ta tambaye ta ko haƙoran nan suna fita.

Raina ya ɓaci, na kama hannunta na ce mu tafi. Ta ƙi motsi.

"Na riga na gaya mata, Bev," ta ce da ni. "In ba ta gan ni ba, cewa za ta yi na sake yi mata ƙarya."

Ta cire su, ta naɗe a hankici, ta danƙa mini. Aka kwantar da ita jikin katangar nan, kusan daidai inda take kwana a da. Ba wanda ya koya mata yadda za ta langaɓe. Mai ba da umarni ya yi ta yabonta, ya sa aka matso da kyamara dab da bakinta. Ni kuwa ina tsaye riƙe da hankici, kuka na cina.

Fim ɗin bai fito ba tukuna. Lorna tana nan tana ninke kaya, ta rage fara'a. Jiya Shayna ta sake rubutowa. Ta ce ta gaya wa mijinta da yaran, duk tare za su zauna su kalli kakarsu.