Fuskar Inna a Fensir

A unguwar Barking ta Landan, a layin gidajen nan na jan bulo da suke manne da juna, duk Bahaushen da ya tambayi gidan Mainasara mai zane za a nuna masa. Ba don ya yi wani suna ba ne. Hausawan unguwar ne ba su da yawa, kuma shi kaɗai ne a cikinsu yatsunsa ba sa rabuwa da baƙin tawada, ko da ranar idi ce.

Mutumin Funtuwa ne. A tasha ya fara sana'a, yana zana zaki da dawisu a jikin manyan motoci, daga baya wata maɗaba'a a Kano ta ɗauke shi yana yi wa littattafan firamare hotuna. Landan kuwa biyo mata ya yi. Da matarsa Shafa'atu ta sami aikin jinya a nan, shi ya riƙo mata jaka, abokansa na ta yi masa tsiya har ya hau jirgi. Ya ce musu 'yan shekaru zai yi ya dawo. Ga shi gemu ya yi fari fat, 'yarsa Zarah da aka haifa a nan har ta yi aure, shi kuwa bai daina cewa zai koma ba. A nan ɗin ma zanen ne ya riƙe shi: takardun wayar da kai na asibitoci, da littattafan makarantar Asabar inda ake koya wa yara Hausar da suke ji amma ba sa mayarwa.

Yadda yake aiki bai taɓa sauyawa ba tun Kano. Da reza yake fiƙe fensir, don ya ce injin fiƙewa na malalata ne. Zai ɗora bakin fensirin a kan takarda da sauƙin hannu, ya yi ta lalube, layi a kan layi, har siffar ta fito daga cikin hargitsin. Sai ya tsoma alƙalami mai bakin ƙarfe a kwalbar tawada, ya ɗauke numfashi, ya bi layi ɗaya tak cikin layukan nan masu yawa. In tawada ta bushe ya ɗauko kilina, robar nan ta goge fensir, ya share duk laluben da ya yi, ya hure ɓarɓashin. Ya yi wannan gogewar har hannunsa ya daina neman izininsa. Yana kuma da doka guda wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba a kallon aikinsa yana fensir, balle a ɗauke shi hoto. Ɗanyen aiki, in ji shi, tsiraicin mai sana'a ne. Taurin kai ne kawai, amma a gidan an saba.

Zane ɗaya ne a duniya ya bari a fensir, shi ne na mahaifiyarsa, Inna Hafsatu.

Mainasara ɗan fari ne, Inna kuwa matar zamanin da ce mai riƙo da alkunya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ido cikin ido ba. In za ta yi masa magana sai ta fuskanci bango ta ce a gaya wa wancan abincinsa na hucewa. Hoto ma ba ta yarda da shi. Ana ɗaga waya za ta ja mayafi. Wanda aka tilasta mata na katin zaɓe, ta runtse ido ta ɗaure fuska, ko 'ya'yanta ba sa gane ta a ciki.

A zuwansa gida na ƙarshe, wata yamma tana tsakar gida tana tsintar wake a faifai, ya raɓe a bakin rumfa da takarda a gwiwa, yana satar kallonta yana zanawa. Ta sani sarai. Ba ta ɗago ba, ta dai ce wa waken, “Wasu dai ba su da aikin yi.” Amma ba ta tashi ba, ba ta kuma ja mayafin ba har ya gama. A duk rayuwarsa wannan ne mafi girman abin da ta taɓa ba shi kai tsaye, shi ma ya san haka. Bakinta ne ya ba shi wuya. Ya ja masa layuka da dama, wani ya karkata ga murmushi, wani ga faɗa, ya rasa na zaɓa, ya bar su duka. Abin mamaki, in ka dubi layukan a tare, Inna ce zaune kamar ta yi magana.

Yana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ta rasu. Da ya fito inda waya ke kamawa ya ga tarin kira, kafin ya sami wanda zai ɗauka an kai ta makwancinta. Ya sa zanen a cikin kwali ya tura ƙarƙashin gado. Kullum yana cewa sai ya sami natsuwa zai sa masa tawada, natsuwar kuwa ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne ƙarancin aiki, don masu ba shi sun koma wa kwamfuta, sai kuma rawar hannu. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya gaya masa gaskiya cewa rage ta za su yi, ba za su raba shi da ita ba. Fensir yana rufa wa mai rawar hannu asiri. Tawada ba ta yi, shi ya sa ya fara jin tsoron kwalbar da ya girma da ita.

Ana nan Zarah ta haihu, mace, aka tsayar za a sa mata Hafsatu. Zarah ba ta taɓa ganin kakarta ba sai muryarta a waya, ta roƙi babanta ya ba ta zanen ta rataye ranar suna. Da ya jawo kwalin ya buɗe, sai ya tarar da ɓarna. Danshin gidan ya yi wa takardar ɗigo-ɗigo, fensirin ya koɗe, gefen mayafin ma ya kusa ɓacewa. In aka ƙara damina biyu ta Landan a haka, babu abin da zai saura.

Washegari Shafa'atu ta kira Zarah a waya ta sa muryar a bayyane, don su haɗu su shawo kansa.

“Baba, just let me scan it first,” in ji Zarah. “Please.”

“Ba a ɗaukar ɗanyen aiki,” ya ce. “In na gama kya yi abin da kike so.”

“Haba Malam,” Shafa'atu ta ce, “ka bari a yi scanning ɗin mana, me zai rage ka? Ko ni in ɗauka da wayata yanzu, shi ke nan.”

Ya mayar da murfin kwalin. A ransa gani yake suna nufin hannunsa ya mutu, abin ya yi masa zafi. Shafa'atu ta san mijinta, ta kashe wayar ta tafi aiki.

Ana gobe suna, da hantsi, ya sha ƙwayarsa ya jawo tebur kusa da taga, inda ɗan hasken da garin ya ga dama yake shigowa. Ya gwada alƙalamin a wata takarda daban, ya yi bismilla. Ya fara da faifai, ya bi yatsunta, ya hau mayafin. Hankalinsa duk yana kan bakin alƙalami, yana jiran inda hannun zai ci amanarsa. Hannun bai ci ba. Ya yi idanu, ya yi hanci. Da ya zo baki ya dubi layukan nan, ya zaɓi wanda ya fi tsabta, ya ɗauke numfashi ya ja shi tiryan-tiryan, babu ko gargada. Rabon da ya ja layi irin wannan har ya manta. Daɗi ya kama shi, ya ji ina ma Shafa'atu na nan ta gani.

Ya haɗa shayi ya sha, tawada ta bushe. Ya dawo yana 'yar waƙarsa ta tasha, yana tunanin inda zai sayi gilashin da za a sa zanen. Sabo turken wawa. Bai san lokacin da ya ɗauki kilina ba, sai da ya ji kansa yana hure ɓarɓashi.

Ya ɗaga takardar nesa da fuskarsa ya duba. Wata dattijuwa ce kyakkyawa, mai fara'a, tana tsintar wake. Bai san ta ba.

Ya karkata takardar ga taga ko zai ga sawun fensirin. Babu, don hannunsa bai taɓa danna fensir ba, da wannan ma yake alfahari. Ya tattara ɓarɓashin robar a tafin hannunsa ya tsaya yana kallo, baƙi-baƙi, ya rasa me zai yi da shi. Bai yi kuka ba. Wani sanyi ne ya shige shi, irin wanda bai ji ba ko ranar rasuwar, domin a ranar yana da wanda zai ɗora wa laifi: nisa, da jirgi, da ƙaddara. Yau babu kowa sai shi.

Da Shafa'atu ta dawo ta tarar da zanen a kan tebur. Ita ta taɓa zama da Inna, ta san fuskarta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Sannu da aiki, Malam,” ta wuce kicin. Shi kuwa bai tambaye ta yadda ta gani ba.

Ranar suna falon Zarah ya cika da mutanen Barking da na Edmonton, ana ta cin waina ana barka. An rataye zanen a saman kujera cikin gilashi, kowa ya shigo sai ya yaba. Zarah ta ɗauko jaririyar ta ɗaga ta saitin zanen tana yi mata magana da Turanci, tana nuna mata mai sunanta. Sai ta juyo, idonta ya kawo ruwa, ta lalubo 'yar Hausarta saboda shi.

“Baba, haka take? Exactly?”

Mainasara ya rufe ido don ya nemo Inna ya gwada. Ya ga tsakar gidan, ya ga rumfar, ya ga faifan wake a cinyarta. Da ya ɗaga kai zuwa fuskar, matar tawadar ce ta yi masa murmushi.

“Haka take,” ya ce.