Igiyar Kwaɗo

Kwaɗo muke ce masa, saboda ya fi daɗewa a ruwa fiye da a gida. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa masa kwalekwale a madatsar ruwa, shi yana nutsewa yana kula da na'urori tara da aka dasa a gindin bangon. Su ke auna ƙarfin ruwa, su aiko da saƙo ofis ta hanyar sauti.

Shi ya koya mini cewa saƙon sauti yana ɗaukar lokaci kafin ya isa a cikin ruwa. In na'urori biyu suka yi magana tare, saƙon ya cakuɗe, babu wadda za a ji. Don haka ya ba kowace lokacinta, da ɗan jira a tsakani. Su tara ne a gidansu, ya ce haka mahaifinsu yake yi musu in sun kawo ƙara. Mafi zurfin cikinsu ya sa mata suna Kaka.

"Tsohuwa ce, Direba," yakan ce da ni. "In ka katse ta, fushi take yi."

Sabon injiniya ya rage jiran, wai don a riƙa samun bayani da sauri. Kwana biyu ba a ji Kaka ba, ga ruwa yana ƙaruwa, ga tsaga a jikin bangon kusa da ita, ga unguwarmu a ƙasan madatsar. Sauran an gyara su daga ofis, ita kuwa umarni ba ya isa gare ta. Sai an je da hannu.

Da hantsi muka fita. Ruwan ya yi ja, ko tafin hannunka ba ka gani. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya maimaita mini abin da na sani: ja biyu, sake mini igiya, ja uku, fito da ni.

"Kuma kada ka ja sai na gama ja. Ƙirga goma tukuna, matsoraci."

"Kai ne dai ba ka da hankali," na ce.

Ya nutse. Minti goma sha biyar, shiru. Kumfarsa ta koma can gefen bango, ta ragu. Ban ƙirga komai ba, na fizgi igiyar don in ji ko yana nan. A daidai lokacin shi ma ya ja. Na ji motsi a hannuna, amma biyu ne ko uku, wallahi ban sani ba. In na fizgo shi alhali wayoyin na'urar sun naɗe shi, na kashe shi. In na sake masa igiya alhali fita yake nema, na kashe shi.

Na tsaya ina ƙirga goma, ina kuka, ina jira ya sake ja. Bai sake ba.

Rediyon kwalekwalen ta yi ƙara daga ofis: Kaka ta yi magana, za a buɗe ƙofofin ruwa. Ni kuwa ina jan igiya har fatar hannuna ta saɓule. Ya fito da nauyi, bai ƙara buɗe ido ba.

Unguwarmu ta tsira. Matarsa ta tambaye ni ko ya sha wahala, na kasa ɗaga kai. Allah ya jiƙanka, abokina. Har yau hannuna yana jin motsin nan, ina ta ƙirgawa, biyu ne ko uku.