Kofi Tara Saboda Faifai Ɗaya

Al Khabaisi

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asubahin Asabar abin ya fara lalace mini. Mako biyu ina karanta dokokin golf ɗin faifai, wasan da ake jifan faifan roba har ya faɗa kwando mai sarƙa. Na ciro nawa ke nan a bakin gidanmu na haya da ke Al Khabaisi, a nan ƙasar Larabawa, sai Anti Ramatu, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi mai aiki a otal, ta kwashe da dariya.

"Sa'adatu, ai wannan na yara ne a bakin teku!"

Ta miƙo mini nata ja, wanda ta ci a gasar ma'aikata. "Ban taɓa ara wa kowa ba. Ki dawo mini da shi."

Kwarjininsa ya sa har hannuna na goge kafin na karɓa.

Hanya

Shida daidai muka tashi, mu takwas a bas ɗin abokan aikinta. A Ras Al Khor muka sha shayin karak, kofi dirhami ɗaya, da burodin Indiya da ƙwai. Daga nan hanyar Hatta, wajen kilomita hamsin. Bakwai da kwata muka sauka daga kwalta.

Makiyaya

Filin kiwo ne: tuddan yashi, ƙaya, awaki, kwanduna tara na rabin ganga. Kwando na farko dokarsa jifa uku, ni na yi goma sha ɗaya. Amma da sarƙar ta yi ƙara, sai na ji wani ihu, ashe nawa ne. Ni da ko a aji ba a jin muryata!

A kwando na shida iska ta ɗauke faifan, ta tsallake shinge da shi zuwa wata rumfa.

"Yalla, maza bi shi," in ji Anti. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Rumfar tsohuwa

Wata tsohuwa Balarabiya, mai awakin, na tarar zaune a tabarma, faifan ja a gefen ƙafarta. Na yi sallama, ta nuna mini wurin zama, ta zuba gahawa a ɗan kofi. Na taɓa karanta cewa baƙo a nan ba ya faɗin buƙatarsa sai ya gama shan gahawa. Na shanye, na miƙa kofin, na ce, "Shukran." Ta sake cikawa.

Na shanye. Ta cika. Ta yaya zan ce wa sa'ar kakata a'a? A na biyar kunnuwana suka ɗau zafi. Tsohuwa na kallona, tana gyaɗa kai cikin mamaki, faifai na nan inda yake. A na tara butar ta ƙare, ta yunƙura za ta ɗora wata.

Ban san sanda bakina ya ɓalle ba, da Hausa zalla: "Don Allah Inna, faifan nan na aro ne!"

Ta bi yatsana da kallo, ta yi dariya har da tari, ta share faifan da mayafinta, ta haɗa mini da dabino.

Sauran kwanduna ukun a guje na yi su, ina surutu kamar rediyo.

Komawa

Sha ɗaya da rabi muka iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Duk hanya ina tambayar me ya sa tsohuwar ta ƙi daina zubawa, ba wanda dariya ta bari ya amsa. Sai a matakala, bayan na damƙa wa Anti faifanta da godiya, ta juya shi gaba da baya, sannan ta ce:

"Girgiza kofin ake yi, habibti, shi ne khalas, wato ya isa. In kin miƙa shi tsaye, ƙari kike nema. Baiwar Allah tana can tana ba da labarin 'yar Kano da ta shanye mata gahawar yini guda."