Maganin da Suruki Yake Kawowa

Nata'ala mahauci ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. A zamaninsa shi kaɗai yake ɗaga cinyar bijimi ya rataye ta a rumfa ranar kasuwa. Da damina kuma yana gonarsa ta gero kamar kowa.

A shekarun da hatsi ya yi wuya, har gidaje suka koma girki sau ɗaya, sai ƙirjinsa ya fara nauyi. Muntaka, mijin 'yarsa ta fari, ya kai shi asibiti a Kano. Aka ce kitse ya yi yawa a jininsa, aka rubuta masa ƙwaya. Muntaka ya ɗauki nauyin sayenta. Duk wata yakan zo, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya ajiye kwalin a gefen tabarma. Nata'ala ya kau da kai ya ce, "Madalla." Iyakar hirarsu ke nan.

Kafin kaka cinyoyinsa suka fara ciwo kamar an dake su da taɓarya. Tashi daga sujada ya zama aiki.

Matarsa Hure ta ce, "Malam, tun da ka fara haɗiyar abin nan kake tafiya kamar agwagwa. Ka faɗa wa yaron nan mana."

"In ce masa me? Abin da ya hana bakin 'ya'yansa ya saya mini shi ke karya ni?"

"To ni zan faɗa."

"Ke? Yaushe kika taɓa haɗa ido da shi?"

Ita ma kunyar tana kanta.

Mutane suka ce sanyi ne, wanzami ya yi masa ƙaho, shi kuwa ya ci gaba da shan ƙwayarsa. Sai ranar da fitsarinsa ya koma launin shayi, ya kasa miƙewa a rumfa, aka sa shi a mota sai asibiti.

Likita ta ce maganin yakan yi wa wasu haka, kuma da an yi magana da wuri, canza shi kawai za a yi. Yanzu abin ya taɓa ƙoda. Muntaka yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai.

Nata'ala ya dawo gida da ransa, amma ƙarfin bai biyo shi ba. Rumfar tana hannun wani yanzu, gonar ma an ba da aro. In ka tambaye shi abin da ya same shi, sai ya ce tsufa ne, don kada maganar ta koma kan yaron.